Jarrabawar JAMB: A Soke Ta Ko A Gyara Ta?

Ranar 14 ga watan Mayun 2025, shugaban hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta Nijeriya, wato JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana gaban 'yan jarida yana share hawaye. Ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas, kuma dole a sake musu jarrabawa. Kwanaki kaɗan kafin nan hukumar ta fitar da alƙaluman da suka nuna cewa cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Abubuwan nan biyu suka sake tono tsohuwar muhawara: shin ya dace makomar yaro ta rataya a kan jarrabawa ɗaya ta awa biyu? Masu cewa a soke ta sun samu abin kafa hujja, masu kare ta kuma suka ce amsa laifin da hukumar ta yi shi kansa shaida ne cewa akwai wanda za a iya tuhuma. A ganina ƙasa irin Nijeriya ba za ta iya rabuwa da jarrabawar bai-ɗaya a yanzu ba, kuma wanda zai fi cutuwa idan aka soke ta shi ne ɗan talakan da ake cewa don shi za a soke. Sai dai ƙorafe-ƙorafen da ake yi a kanta suna da tushe, wasu ma ba su da wata amsa sai gyara.

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗibar ɗalibanta yadda ta tsara. Lokacin da jami'o'in ba su wuce shida ba, wato Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da Ahmadu Bello ta Zariya da Benin, abin yana tafiya ko da da ɗingishi. Da gwamnatin soja ta ƙara guda bakwai a 1975, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da kwalejin Kano da ta zama Jami'ar Bayero a 1977, sai ɓaraka ta fito fili. Ɗalibi ɗaya mai ƙoƙari kan cike fom a jami'a uku ko huɗu, duk su ba shi gurbi, ya tafi ɗaya, sauran guraben su tashi a banza alhali ga dubbai a gida suna jira. Iyaye kuma ga kuɗin fom ga kuɗin mota daga wannan gari zuwa wancan. Don toshe wannan kafa gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa JAMB a 1978, da Michael Angulu a matsayin shugabanta na farko. Daga baya aka ƙara mata kwalejojin fasaha da na ilimi, a 2010 aka haɗe jarrabawar ta zama guda, daga 2015 kuma aka koma rubuta ta a kwamfuta kacokan. Yau ɗalibi na amsa tambayoyi 180 a darasi huɗu, Turanci dole, sauran uku gwargwadon kwas ɗin da yake nema. Duk mai kiran a mayar wa jami'o'i ikonsu gaba ɗaya yana kira ne a koma tsarin da ya gaza lokacin da jami'o'in 13 ne kacal, alhali yanzu sun haura 250.

Tushen maganar shi ne guri ya yi kaɗan. Kowace shekara waɗanda ke samun gurbi a jami'o'i da kwalejoji baki ɗaya ba su kai rabin waɗanda suka zauna jarrabawar ba. A kwasa-kwasan da kowa ke rububi, irin su likitanci da lauya da aikin jinya da haɗa magunguna, abin ya fi tsanani, domin hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i sun ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta iya ɗauka. Idan mutum dubu biyar na neman kujera ɗari biyu, tankaɗe da rairaya ya zama dole, ko da JAMB ko babu ita. Abin tambaya shi ne da me za a tankaɗe, kuma a hannun wa rariyar za ta kasance. A kasuwar hatsi mai saye ya fi natsuwa da mudun da kowa ya sani, ko da bakinsa ya ɗan lotsa, a kan a ce kowane mai rumfa ya auna masa da kwanon da ya ga dama. Masu sukar jarrabawar kan kwatanta ta da adalcin da ba a taɓa gani ba, alhali abin da ya kamata a kwatanta ta da shi shi ne hanyoyin da za su maye gurbinta da gaske, kuma guda biyu ne.

Ta farko ita ce a dogara da sakamakon kammala sakandare. Wannan hujja tana da ƙarfi fiye da yadda masu kare JAMB ke son yarda. Ghana na ɗaukar ɗalibanta da sakamakon WAEC ɗin nan da muke rubutawa, ba tare da wata jarrabawar ƙasa ta biyu ba. A Jamhuriyar Nijar takardar BAC ce ke buɗe ƙofar Jami'ar Abdou Moumouni da sauran jami'o'in ƙasar. A 2012 kwamitin Stephen Oronsaye kan rage hukumomin gwamnati ma ya ba da shawarar a janye jarrabawar a bar wa JAMB aikin tsara guraben kawai, shawarar da ba a aiwatar ba. Kuma gaskiya ne cewa jarrabawar sakandare ta fi faɗi: ana rubutu da hannu, ana gwaji a ɗakin kimiyya, ana kwashe makonni ana yi. To amma a Nijeriya takardar sakandare ba iri ɗaya ba ce. Akwai WAEC, akwai NECO da aka kafa a 1999, akwai NABTEB, akwai ta hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, kuma an yarda ɗalibi ya haɗa sakamakon zama biyu. Makin da suke bayarwa rukuni ne mai faɗi, A1 zuwa F9, wanda ba zai iya bambance dubban yaran da dukkansu suka zo da kiredit iri ɗaya ba. Babban abin kuma shi ne a makarantar ɗalibi ake rubuta ta, gaban malaman da ke da buƙatar ya ci. Kowa ya san cibiyoyin da ake biyan kuɗi na musamman a rubuta wa yara amsa a allo, har iyaye na cire 'ya'yansu daga makarantar da suka yi shekara biyar su kai su can a shekarar ƙarshe. A 2024 kaɗai WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai fiye da 200,000 a Nijeriya bisa zargin maguɗi. Idan aka ce wannan takarda ce kaɗai za ta kai yaro ajin likitanci, farashin kiredit ne zai tashi, kuma mai kuɗi ne zai saya.

Hanya ta biyu ita ce a bar kowace jami'a ta yi nata zaɓen. Malaman jami'a da yawa na goyon bayan haka, kuma suna da dalili: doka ta bai wa majalisar malaman kowace jami'a ikon ɗaukar ɗalibai, kuma wanda zai koyar da yaro shekara huɗu ko shida ya cancanci ya san wa aka kawo masa. Matsalar ita ce mun ga abin da ke faruwa idan aka sakar wa makarantu mara. Bayan da JAMB ta shigo da tsarin CAPS a 2017, wanda ke tilasta a bi ta intanet wajen ba da kowane gurbi, sai ta gano cewa tsakanin 2017 da 2020 manyan makarantu sun ɗauki ɗaruruwan dubban ɗalibai ta bayan fage, ba tare da saninta ba. Wasu daga cikin yaran sai da suka gama karatu suka zo tafiya hidimar ƙasa sannan suka tarar babu sunansu a ko'ina. Wannan fa da ido a kansu ke nan. Duk wanda ya san ofishin shugaban jami'a a lokacin ɗaukar ɗalibai ya san irin takardun da ke shigowa daga fadar sarki da gidan gwamnati da majalisa, kowa da jerin sunayensa. Makin JAMB ne abin da shugaban jami'a mai gaskiya ke fakewa da shi ya ce wa mai neman alfarma, ranka ya daɗe, yaron bai kai ba, na'ura ba za ta karɓa ba. Ƙasar Sin ta gwada soke jarrabawar bai-ɗaya. An dakatar da jarrabawar shiga jami'a a 1966, daga baya aka koma ɗaukar ɗalibai bisa shawarar shugabannin ma'aikatu da na ƙauyuka, da sunan taimaka wa 'ya'yan manoma da ma'aikata. Abin da ya biyo baya shi ne masu uwa a gindin murhu suka cika azuzuwa. Da Deng Xiaoping ya dawo da jarrabawar a 1977, mutum kusan miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki ƙasa da 300,000, kuma har yau duk da tsananinta talakawan ƙasar na kallonta a matsayin ƙofar da babba ba ya iya turawa da ƙafa.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na rashin daidaito, kuma a Arewa ya fi ciwo. A ɗauki yaron da ya gama sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye na Jigawa ko Zamfara. Shekara biyu ajinsu babu malamin fiziks, ɗakin gwaje-gwajensu kuwa suna ne kawai a jikin ƙofa. Ranar da ya je birni yin rajista, aka ɗauki hoton yatsunsa goma, ita ce ranar farko da ya zauna kusa da kwamfuta. Kafin nan sai da ya yi sintiri neman lambar NIN, wadda ta zama dole tun 2021. Takardar da aka buga masa ta ce ya hallara a cibiya da ƙarfe shida da rabi na safe, a garin da ba shi da kowa, don haka ya kwana a tasha ko a masallaci. Da ya zauna, ga agogo a kusurwar allo yana cin lokacinsa, ga maɓallai takwas da aka ce da su zai yi komai: huɗu na zaɓen amsa, ɗaya na gaba, ɗaya na baya, sauran na miƙa aiki da fasawa. Mintuna goma na farko a neman gane kan na'urar suke tafiya. A kujerar da ke kusa da shi akwai yarinyar da ta fito daga makarantar kuɗi a Abuja ko Nasarawa ta Kano, wadda ta shekara tana amsa tsofaffin tambayoyi a kwamfutar gidansu, ga malamin lesin da ke zuwa duk yamma. A ce an ba su tambayoyi iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, saboda haka an yi adalci, magana ce da ke da wuyar haɗiya. Masu suka na cewa abin da makin ke aunawa shi ne aljihun uba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Amma kafin a yanke hukunci a tambaya: a ina aka cuci yaron nan? An cuce shi ne tun yana aji uku na firamare bai iya karanta jimla ba, aka ci gaba da tura shi gaba. An cuce shi a shekarun da ba shi da malami. Ranar jarrabawa ita ce kawai ranar da cutar ta fito a rubuce, da lamba, inda gwamna da kwamishina ba za su iya musantawa ba. Idan aka soke jarrabawar giɓin na nan daram, sai dai a daina ganinsa, ya koma ya bayyana a aji ɗaya na jami'a lokacin da za a kori yaron bayan ubansa ya sayar da gona. Kuma duk abin da za a sa a madadinta, mai kuɗi ya fi iya mallakarsa. Ganawa da malamai ido da ido tana fifita wanda Turanci ya zauna a bakinsa da wanda ya saba zama da manya. Takardar shaida daga makaranta tana fifita wanda makarantarsa ke da suna. Amurka ta ba da darasi a nan. A lokacin annobar korona a 2020 yawancin jami'o'inta sun daina tilasta jarrabawar shiga jami'a ta SAT, da hujjar cewa tana danne marasa galihu. Cibiyar fasaha ta MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Binciken da Dartmouth ta yi ya nuna cewa 'ya'yan talakawa na ɓoye makin da da sun nuna shi da ya taimake su, domin jami'ar na duba maki ne tare da irin makarantar da yaro ya fito. Ba duka suka koma ba, jami'o'in gwamnatin jihar Kalifoniya har yanzu ba sa amfani da ita. To amma idan ƙasar da ake iya yarda da rahoton makarantunta ta ga tana buƙatar ma'auni na bai-ɗaya, ina ga ƙasar da ake sayen kiredit?

Abin lura a darasin Dartmouth shi ne a karanta maki tare da sanin inda ya fito. Yaron ƙauyen da ya ci 220 ba tare da malamin fiziks ba ya nuna abin da mai 260 daga makarantar miliyoyin naira bai nuna ba. Nijeriya na da nata salon yin haka. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, waɗanda yawancinsu na Arewa ne, ko da yake akwai irin su Ebonyi da Bayelsa. 'Yan kudu da yawa na ganin wannan zalunci ne, cewa ɗansu mai maki sama ya zauna a gida wani mai ƙasa da shi ya shiga, kuma ba za a ce ba su da abin faɗa ba. Ana iya kare tsarin da cewa jami'ar tarayya ta kowa ce kuma asibitin Gusau na buƙatar likitan da zai yarda ya zauna a Gusau. Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya: kason nan na jihohi sau da yawa ba ya isa ga yaron ƙauye. Ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Kaduna ko Abuja, ya yi makaranta mai tsada, shi ke zuwa ƙaramar hukumar kakansa ya karɓi takardar shaidar zama ɗan asali, ya ɗauke gurbin da aka ware saboda koma-baya. Gyaran da ya kamata shi ne a duba makarantar da ɗalibi ya yi, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, ta ƙauye ce ko ta birni, tunda JAMB na da wannan bayani a rumbunta. Irin wannan gyara kuwa ba ya yiwuwa sai da maki guda da za a ɗora shi a kai.

Arewa ma tana da shaidar cewa jarrabawar zaɓe na iya zama tsanin ɗan talaka idan aka haɗa ta da koyarwa. A 1977 tsohuwar jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Da jarrabawa ake shiga, daga kowane lungu na jihar, sannan a ba yaran kwana da abinci da malamai da kayan gwaji. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa a yau daga can suka fito, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne da ba su san kowa ba. Haka makarantun share fage irin su CAS ta Kano da makarantar Funtuwa, da shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, sun daɗe suna ɗaukar yaran da sakandare ta bari da giɓi su cike musu, su shiga jami'a kai tsaye. Waɗannan su ne amsar da ta dace da ƙorafin rashin daidaito, kuma su ne aka bari suna lalacewa yayin da ake ta jayayya a kan maki.

Akwai kuma batun harshe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, wanda malamansa ma da Hausa suke fassara masa darasi, yana amsa tambayar kimiyya ne bayan ya gama kokawa da Turancin da aka rubuta ta da shi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce da Turanci za a koyar da shi a jami'a, don haka gara a sani tun yanzu. Wannan amsa ta isa ga mai neman likitanci ko injiniyanci. Ba ta isa ga mai neman digirin Hausa ko Larabci ba, wanda Turanci ke ɗauke da rubu'in makinsa daidai da darasin da zai shafe rayuwarsa a kai. Babu abin da zai hana a bar jami'a ta ba kowane darasi nauyi gwargwadon kwas, matuƙar ta bayyana lissafin tun kafin a sayar da fom.

Masu suka na ƙarawa da cewa tambayar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ba ta auna tunani, hadda take aunawa da dabarar cinke. Wannan gaskiya ne har wani mataki. Ba za ka gane wanda zai iya rubuta hujja mai shafi biyu daga latsa A ko C ba, kuma shekarar ƙarshe ta sakandare a makarantu da yawa ta koma haddar tsofaffin tambayoyi. Littafin labarin da ake ɗora wa kowa, irin The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi amfani da shi daga 2021 zuwa 2024, yawancin yara taƙaitaccen bayaninsa suke karantawa a waya. Sai dai babu yadda za a yi a duba rubutun hannu na mutum miliyan biyu cikin makonni ba tare da an buɗe ƙofar son rai da cin hanci ba, kuma na'ura ba ta san ɗan wane ba. Shi ya sa ya fi dacewa makin JAMB ya zama kashi mafi girma na lissafi, sauran a cike da wasu shaidu. Jami'ar Legas, alal misali, kan ba shi rabi, ta raba sauran tsakanin jarrabawarta da sakamakon sakandare.

Inda masu kare JAMB ba su da ta cewa shi ne batun rana ɗaya. Yaro na iya tashi da zazzaɓi, mota na iya lalacewa, na'ura na iya ƙin karanta yatsansa, janareta na iya mutuwa ana tsakiyar aiki. Abin da ya faru a 2025 ya nuna cewa kuskure ɗaya na iya taɓa mutum dubu ɗari uku da tamanin a lokaci guda, kuma da iyaye da malamai ba su yi ca a kan hukumar ba, da wataƙila an bar yaran da makin da ba nasu ba. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne sakamakon shekara ɗaya kawai yake aiki. Wanda ya ci 280 bai samu gurbi ba, ko yajin aikin malamai ya cinye zangon, irin na wata takwas da aka yi a 2022, dole ya sake sayen fom ya sake zama. An sha kai ƙudiri Majalisar Tarayya don a tsawaita wa'adin zuwa shekara uku ko fiye, har yau bai zama doka ba. Hukumar na cewa jarrabawar ta jera ɗalibai ce a shekara guda, kuma wahalar tambayoyi na bambanta daga shekara zuwa shekara. Wannan matsala ce da masana awon jarrabawa suka daɗe da sanin maganinta, shi ya sa ake rubuta SAT sau da dama a shekara kuma makin ya yi shekaru yana aiki. Tunda an koma kwamfuta, babu dalilin da zai hana a yi zama biyu a shekara a ɗauki wanda ya fi, a kuma ba kowane ɗalibi damar ganin amsoshinsa idan yana da ja.

Batun kuɗi gajere ne. Hukumar da a da aka san ta da labarin macijin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishinta na Makurɗi, yanzu tana mayar wa baitulmali biliyoyin naira, kuma ta rage kuɗin fom daga 5,000 zuwa 3,500, ko da yake da sauran caje-caje abin da ɗalibi ya biya a 2025 ya haura 7,000. Tsare amana abin yabo ne. Amma rarar da aka tara daga aljihun iyayen da 'ya'yansu fiye da rabi ba za su samu gurbi ba, gara ta koma buɗe cibiyoyi a ƙananan hukumomin da ba su da ko ɗaya da kuma gwajin share fage kyauta. Ita ma jarrabawar da jami'o'i ke yi bayan ta JAMB, an fara ta ne a 2005 lokacin da maguɗin zamanin takarda ya sa masu maki 280 ke kasa rubuta wasiƙa. Ministan ilimi Adamu Adamu ya hana ta a 2016, ya dawo da ita a 2017 da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Tana da amfani a kwasa-kwasan da ake rububi, amma inda masu nema ba su kai guraben ba, hanyar tara kuɗi ce kawai.

Hayaniyar da ake yi kowace shekara a kan mafi ƙarancin maki kuwa yawancinta ɓata lokaci ne. An sa 120 a 2017, an daɗe a 140, aka ɗaga zuwa 150 a 2025, amma babu wanda ke shiga likitanci a Zariya ko Ibadan da irin wannan maki. Lambar tana amfanar makarantun da ke neman ɗalibai ne ido rufe. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai, tana mai cewa akwai jami'o'i da dama da ko mutum ɗari ba su nema ba, wasu ma babu ko ɗaya. Ashe ke nan ƙarancin na gurabe masu inganci ne da talaka zai iya biya, kuma wannan ba abu ne da soke jarrabawa ko riƙe ta zai magance ba.

Hukuncina shi ne a riƙe jarrabawar, a rage mata kayan da aka ɗora mata. Majalisar Tarayya ta tsawaita wa'adin sakamako, hukumar ta yi zama biyu a shekara, a tilasta wa kowace jami'a ta manna sunayen waɗanda ta ɗauka da makinsu da rukunin da suka shiga ta ciki, kason koma-baya kuma a ɗaure shi da makarantar da yaro ya yi. Sauran aikin na gwamnonin Arewa ne da 'yan majalisar da ke sayen fom ɗin JAMB suna rabawa gaban kyamara duk shekara. Fom ɗin na da amfani, amma yaron da aka ba shi ya fi buƙatar malamin lissafi da na fiziks tun daga aji huɗu na sakandare, da ɗaki mai kwamfuta ashirin da wutar sola a makarantarsu. Idan sun zo rabon fom na gaba, iyaye su tambaye su malamai nawa suka ɗauka a bana.